Shekarar da Auta Ya Koma Gona

Azumin bara ya faɗo mana a tsakiyar zafi, irin zafin Makka da ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙona tafin hannu. Tun da hantsi lungunan unguwarmu Tandabawi suke yin tsit, ko kyanwa ba ka gani sai a ƙarƙashin mota. Ruwan famfo kamar daga kan murhu aka sauke shi, sai mun tara a bokiti tun da safe mun bar shi ya huce kafin a yi alwala. Mukayyif ɗin ɗakina, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda marigayi maigidana ya sa tun yara suna ƙanana, ƙararsa ta fi sanyinsa yawa. Gwiwoyina kuma sun daɗe da daina kai ni Harami a ƙafa, saboda haka a kan darduma yinina yake ƙarewa, ina jan carbi ina gyangyaɗi, ina jiran Samira, 'yata ta biyu da muke zaune tare, ta tashi mu ɗora shurba da sambusa.

A cikin wannan azumin ne Auta ya gaya mini ya koma gona.

Sunansa Majid, shi ne na ƙarshe a 'ya'yana. A nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne kamar ubansa, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Gwamnati ta tura shi Japan karatun injiniya, ya gama, wani kamfani a Tokyo ya riƙe shi. Can ya auri Maryam, 'yar ƙasar ce da ta musulunta, wadda har lokacin ban taɓa ganinta ba sai a gilashin waya. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Shekara ɗaya, Ummi, in ƙara gogewa, sai mu dawo." Na sa an yi wa ɗakin sama fenti saboda su. Fentin har ya fara dusashewa.

Ba zan ce ban ga gajiya a tare da shi ba. Duk sanda ya kira, ko dai yana tsaye a cikin jirgin ƙasa an matse shi kamar dabino a buhu, ko yana cikin wani ɗan ɗaki da in ya miƙa hannuwa zai taɓa bango biyu. Idonsa ya faɗa, ƙasan idon ya yi baƙi. Ni dai na ɗauka wannan gajiyar ce za ta koro mini shi gida.

Da azahar yake kira, domin su a lokacin rana tana faɗuwa, yana shirin shan ruwa mu ko la'asar ba mu yi ba. Ran nan da na ɗaga, ban ga bangon ɗakin nan ba. Kore shar na gani a bayansa, duwatsu cike da itatuwa, gajimare ya sauko ya zauna a kansu. Sai kuma wata ƙara da ta cika wayar. Na fi shekara talatin ban ji kukan kwaɗi ba, amma kunnena bai yi gardama ba.

"Auta, ina ne nan?"

"Ummi, zan gaya miki, bas kar ki yi fushi." Hausarsa ta 'yan Makka ce, rabinta Larabci, in ya rikice kuma sai Larabcin ya cinye sauran rabin. "Na bar shugul, na ajiye aikin. Ni da Maryam mun bar Tokyo. Wallahi na gaji, Ummi. Mun koma ƙauye."

"Wane ƙauye? Garin su Maryam?"

"A'a, ita ma a birni aka haife ta. Wani ƙauye ne a cikin duwatsu."

Ya juya wayar yana nuna mini. Gidaje ne na katako masu baƙin rufi, yawancinsu a rufe, ciyawa ta cinye ƙofofinsu. Ya ce matasan garin duk sun tafi birane tun da daɗewa, sun bar tsofaffi. Makarantar yara ma an rufe ta, don babu yaran. Hukumar yankin ce take neman matasa su zo su zauna, a ba su gidan da babu kowa, tsofaffin su ba su aron gona su koya musu aikin. Ya ce ba su kaɗai ba ne, akwai wasu mata da miji da suka baro Osaka suna gasa burodi, akwai wani da ya ajiye aikin banki yana kiwon kaji, kuma irinsu ƙaruwa suke yi a ƙasar. Daga nan ya nuna mini wasu 'yan fadamu hawa-hawa a jikin dutse, ruwa kwance a ciki, tsiro a jere. Ya sauke wayar ƙasa na ga ƙafafunsa, taɓo har gwiwa.

"Noma?" na ce.

"Noma, Ummi. Shinkafa."

Samira ta fizge wayar ta rufe shi da faɗa da Larabci, wai duk karatun nan da ya yi ashe a taɓo zai ƙare. Na miƙa hannu ta ba ni. Na ce masa, "Je ka sha ruwa, rana ta faɗi." Na kashe. Har aka ga watan Sallah ban ƙara ɗaga kiransa ba.

Samira ta ɗauka takaicin karatun ne ya hana ni magana. Ba shi ba ne. Azumi zagayawa yake yi, ya bi sanyi ya bi zafi, sai mutum ya tsufa kafin ya dawo inda ya taɓa samunsa. To, a bara ya dawo daidai inda ya same mu a shekarar da na bar gida, wato bakin damina, lokacin shuka. Ina kwance a kan darduma a Makka, amma ƙafafuna suna cikin yashin gonar Baba.

Garinmu ɗan ƙauye ne arewa da Tasawa, a ƙasar Nijar, ƙasar yashi da gero. A gidanmu mu huɗu ne: Baba, Inna, yayana Ilu, sai ni, budurwa ban kai ashirin ba. Kakar da ta gabata ba ta yi auki ba, tun cikin bazara in Inna ta leƙa rumbu sai ta zura rabin jikinta kafin hannunta ya taɓa hatsi. Duk da haka aka yi shiri kamar kullum. Baba da Yaya Ilu suka yi sharar gona, suka ƙone kara. Ni da Inna muka riƙa kai taki a kwando, rana tana dukan ƙeya. Irin shuka kuwa yana rataye a rufin ɗakin girki, zangarniyar da Baba ya zaɓa da hannunsa, hayaƙi yana kore mata ƙwari. Ko kallonta da yawa ba a yarda a yi ba.

Aka ga wata, muka ɗauki azumi. Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka. Har yau in aka yayyafa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta, wannan ƙamshin nake ji. Da gari ya waye babu wanda ya rage a gida sai marasa ƙafa. Baba yana gaba da sungumi, yana tafe yana sara, ba ya ko duban ƙasa, ramukan suna fitowa a jere kamar an auna. Mu muna biye da ƙwaryar iri, ka ɗebo da yatsu uku, ka jefa, ka rufe da diddige. Da safe yashin yana da sanyi, daɗin takawa. Kafin azahar ya koma garwashi. Harshe ya manne a ganɗa, miyau ya ƙafe, amma mutane suna ta wasa da dariya daga gona zuwa gona, domin ruwa ya zo da wuri. Da magariba muka sha ruwa da kunun tsamiya, tsararo, kana ganin ƙasan ƙwarya. Babu wanda ya yi ƙorafi.

Gero ya tsiro, siri-siri kamar allura, gona ta yi kore. Daga nan sama ta rufe bakinta.

Ba wai babu hadari ba, da haka ne ma da sauƙi. Kullum da la'asar sai ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har da walƙiya. Mata su fito da gudu su kwashe shanya, a jera tukwane da ƙore a tsakar gida, yara suna tsalle. Sai iska ta taso, ta kwaso yashi ta watsa mana a ido, ta ɗauki hadarin ta yi yamma da shi. Mu mayar da tukwane ɗaki babu ko ɗigo. Da safe mu tafi gona mu durƙusa muna tone tsiron da yashi ya binne, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa, da azumi a baki. Wanda muka tono yau, gobe ya sake binnewa. A hankali ganyen ya naɗe, ya yi ja, in ka murza shi sai ya zama gari.

Baba ya sauko da sauran irin, aka yi bizne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya same shi a ciki. Ɓeraye da tsuntsaye suka riga ruwan zuwa. Maza suka fita filin idi roƙon ruwa, riguna a juye, tsofaffi suna kuka a fili ba kunya. Aka samu yayyafi. Na ga Baba ya tsuguna ya soka yatsa a ƙasa, ya zaro shi, ya duba, ya goge a riga. Ranar Sallah tuwon dusa muka ci, kowa da tsohon kayansa.

Ruwa na gaske bai sauka ba sai da lokaci ya ƙure. Inna ta ba da akuyarta aka musanya da iri, muka yi shuka ta uku. Da ciyawa ta taso Baba ya kira gayya, don shi ma ya je ta wasu. Gayyar da na sani tun ina yarinya da makaɗi ake yinta, da ƙoren fura a gindin gawo, samari suna tsere da hauya 'yan mata suna guɗa. Wannan karon babu ganga. Abin da Inna ta iya fitarwa kwaɗon tafasa ne da ɗan ƙuli-ƙuli. Mazan suka zo, Allah ya saka musu, suka jeru suka fara. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a yashi da numfashi. Kafin rana ta take, wasu sun zauna a bakin kunya sun dafe kai, manyan maza, jiri yana ɗibarsu. Suka ci tafasar a tsaitsaye, kowa yana janye hannu da wuri don na kusa da shi ya samu.

Bayan tafasa muka koma yaɗiya, bayan yaɗiya sai anza. Wanda bai ci anza ba ba zai gane ba. 'Ya'yan wani ɗan itace ne masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa an zubar da ruwan, an sake jiƙawa an zubar, kwana da kwanaki, kafin su ciwu. Ga ruwan kansa ya zama aiki, rijiya ta yi ƙasa, har sai da Inna ta yage tsohon zanenta aka ƙara wa igiyar guga tsawo. Da hantsi ni da ita mukan ɗauki fartanya mu shiga daji neman gidan tururuwa, mu tone, mu kwashe 'ya'yan ciyawar da suka tara wa kansu, suna cizonmu har wuya. Mu sheƙe, mu daka, a dama kunu. In an zuba, sai Inna ta tura mini nata ta ce ta riga ta sha a wurin dahuwa. Na san ba ta sha ba. Ina karɓa in shanye, yunwa ba ta bar mini kunya ba.

Sai samari suka fara tafiya. Ranar kasuwa wata babbar mota takan zo, in za ta koma sai ta tafi da wasu. Wannan mako na gidan liman, mako mai zuwa na gidan maƙera. Ina gona ranar da Yaya Ilu ya jingine hauyarsa ya je ya tsaya kusa da Baba.

"Baba, zan bi su Kano. In na samu wani abu in aiko."

Baba bai ɗago ba. "Noman maimai fa?"

"Baba, me za a maimaita?"

Sai a lokacin Baba ya miƙe, ya dubi geron. Iyakarsa gwiwa, ya fara fitar da kai ɗan mitsitsi kamar yatsa, ruwa kuma ya sake ɗaukewa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah ya tsare hanya." Ya sunkuya ya ci gaba da aiki.

Kafin kaka garin ya zama na tsofaffi da mata da ƙananan yara. Dandalin da muke wasa ya yi shiru. Gida bayan gida aka toshe ƙofa da ƙaya. Abin da muka girbe, ni da Inna muka ɗauko shi a ka, ko jaki ba a nema ba, dama an riga an sayar da jakin. Baba bai ma zuba shi a rumbu ba, a kusurwar ɗaki ya ajiye.

Ina da kawu, ƙanen Inna, da ya daɗe da zama a Makka. Labari ya kai masa, ya aiko ta hannun alhazai cewa a tura masa ni in taya matarsa aiki. Baba ya kira ni ya ce, "Ki tafi, Zuwaira. Can akwai abinci."

"Kai fa, Baba?"

"Ni in bar wa wa gonar?"

Ranar da zan tafi yana gona yana tumɓuke kara. Motar ta bi ta gefen gonar, na ɗaga murya na kira shi, ya ɗago hannu ɗaya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ya ci gaba da noma shi kaɗai wasu shekaru, kowace damina yana rage faɗin abin da yake iya nomewa, har Allah ya karɓi abinsa. Yaya Ilu daga Kano ya wuce Legas, ya kama gadi, can ya yi iyali. Inna ta koma wurin danginta a Maraɗi. Alhazan yankinmu sun gaya mini sabara ta cinye gonar, ba a ma gane iyakarta.

A Makka na fara ganin an zubar da burodi a shara. Na yi aure, na haihu, na yi ta tuƙa tuwo ina sayar wa alhazai. Abu ɗaya na riƙe a raina, cewa ɗana ba zai taɓa ɗaga kai ya dubi sama don ya san ko zai ci abinci ba. Ban taɓa ba yaran wannan labarin ba. Ta ina zan fara, da yaran da ko zangarniyar gero ba su taɓa gani ba?

Bayan Sallah na koma ɗaga wayar Auta, amma gaisuwa ce kawai. Lafiyarka, lafiyar Maryam, kuna salla a kan lokaci? In ya fara zancen gona sai in ce ana kirana. Ana haka aikin Hajji ya zo, unguwa ta cika da mutanen gida, duk inda ka juya Hausa ce ke tashi. Na daure na koma bakin murhu ina zaune a kan kujera, Samira tana tuƙa tuwo ina kaɗa miyar kuka, gumi yana shiga ido. Cikin kwanakin da alhazai suka fara haramar komawa, wani hantsi, ya kira.

Yana zaune a bakin ƙofa da dogon takalmin roba a ƙafa, gashinsa a jiƙe. Ya ce wata guguwa ce ta taso daga teku da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki ba ta tsaya ba. Shinkafar da ta kusa nuna duk ta kwanta a taɓo. Ƙasa ta zaftaro daga dutse ta toshe hanyar ruwa, ta karya shingen gonar, aladun daji suka shiga suka tumurmushe wani sashe. Sannan ya ce, "Maryam tana da ciki, Ummi. Ban san me zan yi ba."

Maganar tana bakina a shirye, tun azumi nake ajiye da ita. Samira ma ta matso bayana tana raɗa mini, "Ki ce ya dawo, Ummi. Yanzu ne zai ji." Na buɗe baki ke nan sai wani tsoho ya shigo cikin hoton ta bayansa. Ya ranƙwafa har kusan rabi, kansa fari fat, yana jan wasu sandunan gora da igiya a kafaɗa. Ya tsaya yana haki, ya yi wa Auta magana da yarensu, gajeriya, ba fara'a.

"Wane ne wannan?"

"Maƙwabcinmu ne, mai gonar."

"Me ya ce?"

"Wai in tashi. In ba a ɗaga shinkafar an ɗaure ba, za ta tsiro a cikin taɓo."

"Ina 'ya'yansa?"

"Suna birni. Sukan zo sau ɗaya a shekara. Matarsa ta rasu. Kafin mu zo, rabin gonar kawai yake iya nomewa, sauran ciyawa ta cinye."

Tsohon ya lura da wayar, ya leƙo, ya ga wata baƙar tsohuwa da lulluɓi tana kallonsa daga wata duniya. Ya ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwarsu. Ni ma na sunkuyar. Ya juya ya kama hanyar gona da gorarsa, bai jira kowa ba, yana tafiya a hankali yana tsayawa.

Na ce, "Auta, tashi ka bi shi. Ka karɓar masa kayan nan."

"Ummi..."

"Tashi na ce. In kun gama ka kira ni, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba."

Samira ta jefar da muciya a tukunya. "Ummi, ya zo hannu kin sake shi." Gaskiya ta faɗa.

Washegari na ba shi labarin, tun daga sharar gona har hannun da Baba ya ɗaga. Samira tana bakin ƙofar kicin tana ji, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Bai katse ni ba sai sau ɗaya, da ya tambaye ni mene ne sungumi, na ɗauki sandar tsintsiya na gwada masa. Da na gama ya share fuska da bayan hannu. Ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?" Na ce, "Don kada ku sani na kawo ku nan."

Sun ceto wani abu daga cikin shinkafar. Ya ce tsofaffin garin duk sun fito, da mai burodi da matarsa, da mai kaji, suka ɗaga ta dami-dami suka rataye a kan gora ta bushe. Ba ta kai ta sayarwa sosai ba. Da sanyi ya shigo ya koma yi wa kamfanoni fassara ta kwamfuta daga gida don su samu na cefane.

Cikin sanyin nan suka zo umara, shi da Maryam, cikinta ya fito. Suka kwana a ɗakin sama. Ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta, amma idon nan da ya faɗa ya ciko. Sun zo mini da ɗan buhun shinkafarsu, gajeriya, mai danƙo. Samira ta dafa ta irin dahuwar nan ta caɓe, ta ce wannan ai ba ta ciwuwa. Na ce ta ba ni wuri. Na tuƙa tuwo da ita, ko wahalar muciya ban sha ba ta haɗe, na yi miyar taushe. Maryam ta durƙusa a gabana ta ci da hannu, tana cewa "Na gode, Ummi," kalmomin da ta haddace tun a jirgi. Yarinya ce mai kunya. Ban sami abin ƙi a wurinta ba, kuma na nema.

Ana gobe za su tafi, bayan la'asar, na same shi shi kaɗai yana ɗaure jaka.

"Ba za ka dawo ba ke nan."

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Can ina barci, Ummi. A Tokyo na manta yadda ake barci. In na dawo nan ma ofis ne, wani Tokyon ne da zafi." Ya riƙe hannuna. "Ki zo ki zauna da mu. Gidan yana da faɗi."

"Tafiya ɗaya na yi a rayuwata, Auta, ta ishe ni. Ubanka yana kwance a nan."

Suka tafi, don wai akwai gyaran hanyar ruwa kafin a yafa iri. Ɗakin sama Samira ta zuba tukwanen aikin Hajji a ciki.

Ga azumi ya sake zagayowa, zafin bana bai rage komai daga na bara ba. Maryam ta sauka, mace, na ganta a gilashi tana hamma, ban san ranar da zan goya ta ba. Tsohon ya daina shiga gona, sai dai ya zauna a bakin kunya yana nuni da sanda. Gonar duka tana hannun Auta yanzu.

Jiya da azahar ya kira, yana tsaye a ƙarƙashin rumfa, ruwa yana zuba a bayansa. Muka gaisa. Sai na ji bakina ya faɗi abin da rabona da shi tun ina budurwa.

"Ina ruwa?"

Ya fara yi mini bayani, wai na wannan makon ya yi yawa, yana tsoron hanyar ruwan da suka gyara, masu hasashe kuma sun ce akwai wani a tafe.

Na ce, "Ba haka ake amsawa ba. Gaisuwa ce. Cewa za ka yi, ruwa ya yi gyara."

"Ko da ɓarna ya yi?"

"Ko da ya kwashe gonar."

Ya waiwaya ya dubi ruwan. Ya faɗa a hankali, da harshen nan nasa na 'yan Makka, "Ruwa ya yi gyara."

Na ce madalla, ya je ya sha ruwa, Maryam tana jira. Na ajiye wayar a gefen darduma, na miƙe ƙafafu. Mu nan da sauran yini mai tsawo kafin magariba.